Gashin rago a tsakiyar damina: kun tambaya, mun amsa

Wasiƙun wannan fitowa duk a kan gashin rago ne sa'ad da sama ta ƙi ba da haɗin kai. Masu sana'ar fawa da gashi ne suka amsa, tare da ma'aikacin lafiya a inda maganar ta shafi rai.

Tambaya: Assalamu alaikum. Maiɗakina na da tsohon ciki, ana sa ran haihuwa cikin Agusta. Ina so ranar suna in gasa rago guda sukutum saboda abokai kamar 50 da za su zo daga Kano. Gidanmu na ƙasa ne, tsakar gida ba siminti, ruwa kuwa kusan kullum. Yaya zan yi? Daga wani magidanci a ƙasar Ringim.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya sauke ta lafiya, ya raba lafiya.

Mu fara da lissafin nama, don nan ake fara jin kunya tun kafin ruwa ya sauko. Ragon da ya kai kilo 40 a tsaye, idan aka feɗe shi aka cire kai da ƙafafu da fata da kayan ciki, abin da zai rage bai wuce kilo 18 zuwa 20 ba. Wuta za ta sha ruwansa da kitsensa, ƙashi ya ɗauki nasa kaso, tsokar da za ta hau tire ta tsaya wajen kilo 9 ko 10. Ga mutum 50 wannan ya isa in akwai shinkafa ko waina a gefe. In nama zalla za a ci, ba zai kai ko'ina ba. Ka kuma tuna ragon suna yana da masu haƙƙi: mai jego, ungozoma, wanzami, dangin uwa da na uba, kowane gari da irin rabonsa. Idan ka ɗora shi gaba ɗaya a wuta domin baƙin Kano, za ka sha magana a cikin gida. In da hali, ka ware na gashi daban.

Matsakaicin rago ɗan ƙasa ya fi ƙaton Balami sauƙin gashi, domin cinyar Balami tana da kauri, bayanta kan ƙone cikinta bai nuna ba. Ko a Maigatari ka saya ranar Alhamis ko a kasuwar kusa da ku, ka tambayi mai shi yaushe aka yi masa allura ta ƙarshe. Magungunan dabbobi da yawa suna bukatar a jira makonni kafin a yanka, kuma adadin kwanakin yana rubuce a jikin kwalbar. Daren jajibere ka ɗaure shi inda ruwa ba ya taɓa shi. Jiƙaƙƙen gashi mai taɓo shi ne yake ɓata nama wajen fiɗa. A janye masa abinci awa 12 kafin yanka, a bar masa ruwa, tumbi zai yi sauƙin fitarwa ba tare da ya fashe ba.

Sai lokaci. Hadarin ƙasarmu daga gabas yake tasowa, iska ce ke fara isowa kafin ruwan, kuma ya fi yawa daga la'asar zuwa dare. Rago mai wannan nauyi yana cin awa 5 zuwa 6 a wuta, ranar da gari ya yi lumshi da sanyi ka ƙara awa ɗaya. Don haka a hura wuta tun ana raɗa suna, da an gama fiɗa a ɗora. Wanda ya ɗora da ƙarfe 8:30 na safe zai sauke wajen ƙarfe 2:30, kafin gabas ta fara baƙi. Kuskuren da ya fi yawa shi ne a ce sai baƙi sun iso a ɗora don su ci da zafi. Nama yana iya jiran baƙi a kan rushi mai laushi har awa biyu ba abin da zai same shi, amma hadari ba ya jiran kowa. Ka kuma saurari hasashen hukumar kula da yanayi ta NiMet a rediyo tun ana gobe.

Kada ka haƙa rami. Ramin gashi na rani ne, a Agusta rijiya kake haƙa wa kanka. Ka nemi tudu mafi tsayi a tsakar gida, nesa da rumbu da danga da ɗakin ciyawa da taku 10 ko fiye. Ka jera bulo mai inci 9 hawa uku, tsawon mita ɗaya da rabi, faɗin mita ɗaya. A ƙasa ka shimfiɗa tsohon ƙarfe, ka zuba busasshen yashi kaurin yatsu huɗu, don danshin ƙasa yana zuƙe zafin garwashi fiye da yadda ake zato. Ka ja ɗan lambatu kewaye da ginin ya kai ruwa can gangare. Bulon ya zama busasshe, ka rufe shi kwana uku kafin ranar. Jiƙaƙƙen bulo yana tsagewa idan ya ji wuta, duwatsun rafi kuwa har fashewa suke yi su yi tsartuwa, saboda ruwan da ke cikinsu ya zama tururi ya rasa hanyar fita. A saman bulon ka gitta rodi huɗu ka ɗora raga. Tsakanin garwashi da nama ya zama kamu ɗaya da ɗan ɗori, wato santimita 50 zuwa 60. Ka bar ƙofar zuba garwashi ta yamma, gefen gabas ya zama a toshe.

A kan wannan murhu za ka kafa rumfar kwano mai tsayin mita 3, gwafanninta a binne sosai, kwanon a buga ƙusa ko a ɗaure da waya. Dutse kawai a kan kwano ba ya riƙe shi, kuma kwanon da iska ta ɗauka wuƙa ne. Ka tare gabas da wasu kwanukan a tsaye iya ƙirji, sauran ɓangarori uku a bar su a buɗe. Ban da zana, ban da tamfol, ban da kanofin haya a kan wuta.

Kada ka baza garwashi ko'ina daidai. Ka yi tsibi biyu, ɗaya ƙarƙashin cinyoyi, ɗaya ƙarƙashin ƙarfata, tsakiya inda haƙarƙari yake a bar shi da ɗan kaɗan, don shi siriri ne, nan da nan yake bushewa. A tsakiyar nan ka ajiye tsohon tire ya tari kitse, in ba haka ba duk ɗigon da ya faɗa wuta sai harshe ya tashi ya baƙanta naman. A gefe guda na rumfar ka hura wata ƙaramar wuta da za ta riƙa ba ka jan garwashi kana kwasowa da shebur duk minti 40. Baƙin gawayi kai tsaye ƙarƙashin nama yana rage zafi, yana sa hayaƙi. Gwajin zafi kuwa da tafin hannu ne: ka sa shi daidai inda naman yake ka ƙirga. In ka kai 7 ko 8 kafin ka janye, wutar ta yi. In ba ka kai 4 ba, ta yi yawa, ka yayyafa toka.

A buɗe ragon ta ƙirji a danne shi ya baje, a tsattsaga cinyoyi da ƙarfata har wuƙa ta taɓa ƙashi. Gishiri babban cokali 10 zuwa 12 ya isa. A markaɗa albasa da tafarnuwa da citta da masoro, a haɗa da rabin litar man gyaɗa, a cusa cikin tsagar, sauran a riƙa shafawa duk rabin awa. Gefen ƙashi ne zai fara kallon wuta na awa 3, sannan mutum biyu su juya shi sau ɗaya. Yajin ƙuli sai minti 20 na ƙarshe. Wanda ya barbaɗa shi tun farko zai sauke nama mai ɗaci, domin ƙuli yana ƙonewa tun naman bai fara nuna ba.

Murfi shi ne rabin aikin a damina. Rabin durom ko faifan baƙin ƙarfe da aka kifa a kan naman yana tsare zafi, yana rage gawayi, yana kare yayyafin da iska ta koro. Durom ɗin ya zama wanda aka zuba mai na abinci, a kuma ƙone cikinsa tukuna. Na maganin ƙwari ko na fetur ko wankin me aka yi masa bai halatta ba. Sabon kwanon rufi mai ƙyalli yana da rufin tutiya da ke fitar da farin hayaƙi mai sa zazzaɓi in ya sha wuta sosai, saboda haka wurinsa can sama a rumfa, kada ya taɓa garwashi ko nama.

Hukumar Lafiya ta Duniya tana ba da shawarar abinci ya kai digiri 70 a ma'aunin Salshiyas. In ka samu ma'aunin zafin nama, ka soka shi a mafi kaurin cinya kusa da ƙashi ba tare da ya taɓa ƙashin ba. Ƙarfata ta fi daɗi in ta kai 85 zuwa 90, lokacin da jijiyoyinta suka narke. In babu ma'auni, ka soka wuƙa har ƙashi ka danna: ruwan da ya fito ya zama garau, ba ja ba, ƙashin ƙarfata kuma ya juya a hannunka ba gardama. A sauke a rufe minti 20 kafin a fara yanka.

Tambaya: Mu muna da babban zaure mai ƙofa biyu. In ruwa ya sauko ba sai mu kwashe garwashin mu ƙarasa a ciki ba? Daga wani matashi a Gwaram.

Amsa: A'a, ɗan'uwa, kuma muna roƙonka ka faɗa wa duk wanda ka ji yana shirin haka. Wannan shi ne gudun gara a faɗa gidan zago. Gawayi yana fitar da iskar guba da ake kira kabon monoksaid, ba ta da wari, ba ta da launi, kuma garwashin da ya yi ja ya daina hayaƙi yana ci gaba da fitar da ita. Tana kama jini fiye da iskar da jiki ke bukata sama da sau 200. Ƙofa biyu ba kariya ba ce, domin da ruwa ya fara feshi wani zai ja ƙyaure ko ya saki asabari, ga mutane sun cika zauren suna fakewa, har da yara. Alamunta ciwon kai, jiri, tashin zuciya, kasala da jin barci. Mutum kan ɗauka gajiyar hidima ce ya kwanta, daga nan ba ya tashi. In mutum biyu ko uku suka yi kukan ciwon kai lokaci ɗaya kusa da wuta, a fitar da kowa waje ko ana ruwa, a buɗe ko'ina, a kai wanda ya galabaita asibiti a gaya musu hayaƙin gawayi ne. Manja da madara ba sa fitar da wannan guba, kuma ɗura wa wanda ya suma abu a baki yana iya shaƙe shi. Hukuncin janareta ɗaya ne da na gawayi: waje, nesa da taga.

Tambaya: Icenmu duk ya sha ruwa. Wani ya ce a zuba ɗan fetur. Wane ice ne ma ya fi? Daga wata uwargida a ƙasar Sumaila.

Amsa: Hajiya, fetur kam kada a kusanto da shi. Tururinsa ne ke kamawa, wutar kan biyo shi har cikin galan ɗin da ke hannun mai zubawa. Kananzir bai kai shi haɗari ba, amma warinsa yana shiga kitse ba ya fita.

Gungumen da ruwan sama ya daka yawanci bayansa ne kawai ya jiƙe. A faskara shi ƙanana, a fara da busasshiyar zuciyar, a tayar da wuta da totuwar masara ko karan dawa da aka adana a ɗaki, sauran faskaren a jingine su kewaye da murhu su sha zafi kafin a kai gare su. Ɗanyen ice daban ne, shi ba ya bushewa a yini ɗaya, hayaƙinsa mai kauri yana sa nama tsami-tsami da baƙi. Marke da ƙirya da bagaruwa suna ba da garwashi mai daɗewa. Darbejiya tana sa ɗaci. Tumfafiya da duk icen da ke fitar da farin ruwa kamar nono a guje su, ko a matsayin makamashi ko sandar tsire nama. Haka katako mai fenti da taya da leda.

A damina mun fi ba da shawarar gawayi. Buhu ɗaya babba yana gasa matsakaicin rago, amma a sayi ɗaya da rabi, don iska tana cin gawayi da sauri. A ɗora buhun a kan bulo ko katako a cikin ɗaki. Wanda aka ajiye a ƙasa yana shan danshi ta gindi ko ruwa bai taɓa shi ba, sai ki ga yana ta tartsatsi yana ƙin kamawa.

Tambaya: Na ga bidiyo a waya, mutanen Amurka suna bikinsu na Halowin ana ruwa, sun gasa alade guda a cikin akwati, garwashi a kan murfin. Wannan akwati zai yi da rago? Daga wani mai walda a Kazaure.

Amsa: Malam, naman da suka gasa haramun ne a gare mu, wannan ba ya bukatar dogon bayani, amma dabarar akwatin ba ruwanta da irin dabbar. Bikin nasu daren 31 ga Oktoba ne, lokacin da sanyi ke shigowa a can. Akwatin ya shahara ne wajen 'yan asalin Kuba mazauna Miyami, kuma akwai irinsa a jihar Luwiziyana. Katako ne a waje, ƙarfe a ciki, naman yana kwance a ƙasa tsakanin raga biyu, murfin kuma tire ne da ake zuba garwashi. Amfaninsa biyu: iska ba ta kai wa ga naman, kitse kuma ba ya ɗiga a wuta. Rauninsa shi ne garwashin yana sama tsirara, ruwa kaɗan ya isa ya kashe shi, don haka rumfa ta zama dole.

Tun da walda ce sana'arka, ka ƙera da baƙin ƙarfe, tsawon santimita 120, faɗi 60, zurfi 35, murfin ya zauna daram ba kafa. Ka fara da gawayi kilo 6 ko 7, kana ƙara kilo 3 duk awa. Kafin kowane ƙari ka kwashe toka, don ita ce ke tare zafi ta hana shi sauka, kuma wannan ne dalilin da ya sa wasu ke cewa akwatinsu ba ya gasawa. Kada a buɗe kafin awa 3, kowane leƙe yana mayar da aikin baya. Bambancin da ya kamata ka lura da shi: su suna barin fata a jikin dabbar, ga kitse mai kauri a ƙarƙashinta, shi ke kare tsokar. Ragonmu feɗaɗɗe ne. Sai ka lulluɓe shi da tantanin kitsen nan da ke nannaɗe da tumbi, ka zuba ruwa kofi huɗu da yankakkiyar albasa a ƙasan akwatin. In ba haka ba gefen da ke kallon murfi zai bushe kamar ƙirgi.

A ƙarshen Oktoba mu nan damina ta wuce, ana ta kaka. Abin tsoro a lokacin tartsatsi ne, ga kara da harawa jibge a ko'ina.

Tambaya: In ruwa ya fi ƙarfinmu, wuta ta mutu nama bai nuna ba, mu rufe shi zuwa safe mu ƙarasa? Daga wata mai abincin biki a Birnin Kudu.

Amsa: Kada ki kwana da shi haka, Hajiya. Naman da wuta ta ɗumama bai nuna ba ya fi ɗanye saurin lalacewa, domin cikinsa yana tsakanin digiri 5 da 60, zafin da ƙwayoyin cuta suka fi hayayyafa a ciki. Wasu suna barin gubar da ko an sake dafawa ba ta mutuwa. Awa biyu ita ce iyaka.

Tun da safe ki tanadi babbar tukunya da murhu a madafa mai iska. Da kin ga wuta ba za ta tashi ba, a sauke a sassara. Haƙarƙari da gadon baya yawanci sun riga sun nuna, a fara fitar da su ga baƙi. Cinyoyi da ƙarfata da wuya a yanka kamar dunƙulen hannu, a zuba a tukunya da albasa da ruwa iya rabin naman, a rufe ya tafasa minti 45 zuwa awa ɗaya. Sai a tsame a soya sama-sama a man gyaɗa, a barbaɗa yaji. Ƙamshin hayaƙin da ya riga ya sha yana nan, da yawa ba za su gane cewa a tukunya aka ƙarasa shi ba. Romon kuma ya tafi kan shinkafa.

Abin da ya yi saura a soya shi ya bushe cikin kitsensa irin na layya, a bar shi ya huce sarai kafin a rufe. Wanda aka ƙulle da zafinsa a leda ko a kula gumi yake yi, kwana biyu ya yi funfuna. Kilishi ba na wannan lokaci ba ne, yana son rana. A rufe tire saboda ƙudaje, wankin hannu kuma a zuba wa kowa da buta da sabulu maimakon kwano ɗaya da kowa zai tsoma, domin damina ce lokacin amai da gudawa.

Tambaya: Baƙi fa, ina za a sa su? Muna da babbar tsamiya a ƙofar gida. Daga wani dattijo a ƙasar Gumel.

Amsa: Baba, Allah ya ƙara girma. Inuwar tsamiya ta rana ce, da an fara walƙiya a tashi daga gindinta, don aradu ta fi faɗa wa dogon abu da ke tsaye shi kaɗai. A sa wani yaro mai hankali ya ƙirga daga ganin walƙiya zuwa jin tsawa: kowane daƙiƙa 3 kilomita ɗaya ne. In bai kai 30 ba, kowa ya shiga ginannen ɗaki, har da mai gashi, ya kifa murfi ya bar naman. Sai an yi minti 30 ba a ji tsawa ba a fito. Kanofi ba ya kare aradu, kuma da iskar gabas ta fara kaɗawa a kwance rigarsa, in ba haka ba za ta ɗauke shi da ƙarafunansa. A ɗage wayoyin lantarki daga ƙasa. Kada kuma a jera tabarmi a jikin katangar ƙasa da ta kwana tana shan ruwa, musamman wadda gindinta ya fara zaizayewa. Tun ana gobe a share zaure da ɗakunan maƙwabta biyu, a nemi izininsu, a gaya wa masu hidima ina maza za su shiga, ina mata, wa zai riƙe hannun tsofaffi, wa zai tattara yara.